Kilo Takwas Har da Keji

Malam yana tsaye a kan sikelin banɗaki, daga shi sai singileti da gajeren wando, rungume da Gimbiya, kyanwar matarsa, kamar wanda aka ba ajiyar jariri bai shirya ba. Allurar sikelin ta yi rawa, ta tsaya a kan tamanin da biyar. Ya sauke kyanwar, ya zaro fensir daga bayan kunne. Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi, wannan kuwa ko ɗan aji biyu zai iya: a ɗebe saba'in da takwas, nauyinsa da bai canja ba shekara goma, saura bakwai.

Kwana huɗu da suka wuce likitan dabbobi ya rubuta biyar da rabi a takardar lafiyarta.

Dokar kamfanin jirgin tana manne a ƙofar firiji, ya ja layi a ƙarƙashinta da jan biro. Dabbar da za ta zauna tare da fasinja kada ta wuce kilo takwas, har da keji. Kejin kilo biyu ne. Wadda ta wuce sai ɗakin kaya na ƙarƙashin jirgi, likita kuma ya ce Gimbiya ta tsufa, numfashinta ba zai ɗauki wurin nan ba. Matarsa tana can wata ƙasa wurin 'yarsu, an yi mata aikin gwiwa, za ta shekara. Da ya kira ta yana kewaye-kewaye, ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"Malam, in ba za ta zo ba, kai ma yi zamanka. Kai dai na san za ka iya kula da kanka."

Ya daɗe yana juya maganar, bai gano ko yabo ba ce.

Wanda Malam ya fara zarga shi ne likitan. Yaro ne mai yawan murmushi, irin wanda zai rage wa dabba kilo guda don mai ita ya ji daɗi. Duk da haka Malam ya raba abincin Gimbiya biyu, ya kulle buhun a cikin kabad, ya rataya makullin a wuya. Bayan mako ya sake hawa sikeli da ita. Bakwai da rabi.

A nan ya tabbata da hannun wani a ciki.

Mutum ɗaya ke shiga gidan kullum, ƙanwarsa, wadda tun tafiyar matarsa take zuwa da kuloli biyu don kada yunwa ta kashe mata ɗan'uwa. Ya fara lura da ita. In ta shiga kicin sai ya tuna yana neman cokali. Rannan ya kama ta dumu-dumu, ta tsuguna da kan kifi a hannu, Gimbiya na miƙo wuya.

"Ashe ke ce!"

"Ni ce me, Yaya? Dubi baiwar Allah, haƙarƙarinta har ana ƙirgawa."

"Gashi ne yake ruɗin idonki. Ni da lamba nake aiki."

"To lambar taka ta taɓa shafa bayanta?"

Ya karɓe kan kifin. Da yake ba ya son ɓarna, ya cinye shi a tsaye. Daga ranar ya kafa doka: duk abin da aka kawo gidan da sunan kyanwa, ta hannunsa zai bi. Ya kuwa bi. Hanta, fatar kaza, madarar da matar maƙwabci take miƙowa ta saman katanga tana cewa sadaka ce. Matar maƙwabcin ma ya sa ta a jerin waɗanda ake zargi, ya toshe ramin da ke gindin katangar da bulo biyu. Ya leƙa ƙarƙashin gado neman ɓera. Gimbiya ta daina hawa kujera, ta koma kwanciya a bakin kabad, tana bin makullin wuyansa da ido. Wannan ma bai yarda da shi ba. Ya ga irin kallon nan a fuskar ɗalibai masu satar amsa.

Ana gobe tafiya, sikeli ya ba shi takwas da rabi. Da keji, goma da rabi. Ya zauna a bakin baho ya shirya jawabin roƙo mai sassa uku, ya kuma gwada yadda mutum zai tallafi gefen keji da gwiwa ba a gani ba.

Ƙanwarsa ce ta kai shi filin jirgi. Layin ya yi tsawo, wandon tafiyarsa yana matse shi, ya ƙudurta cewa mai wanki ya sa masa ruwan zafi. Ma'aikaciyar da ke karɓar kaya ta duba fasfo, ta duba takardar rigakafi, ta nuna masa sikeli.

"Baba, ku ɗora kejin. Ku ɗan matsa baya, gwiwarku tana taɓawa."

Ya matsa. Ya buɗe baki zai fara sashe na farko, sai jajayen lambobin suka tsaya. Shida da rabi.

"Sikelinku ya lalace," in ji Malam.

Ta ɗago kai. "Yawanci in ya nuna da yawa ake gaya mana haka."

Ta sake duba takardar likita, ta sunkuya ta leƙa kejin, ta daɗe. Da ta miƙe, fara'arta ta ragu.

"A nan an rubuta biyar da rabi. Wannan in an cire keji huɗu da rabi ce. Baba, kun tabbata ita ce kyanwar da aka duba?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ana yi mana haka. A kai lafiyayya wurin likita, a zo mana da wata. In kuma ita ce, kilo guda a mako uku ba ƙaramin abu ba ne. Dabba marar lafiya ba ta hawa jirginmu, ko sama ko ƙasa."

Mutanen da ke bayansa suka zuba masa ido. Wata mata ta ja ɗiyarta nesa da kejin. Malam, wanda ya yi mako uku yana yi wa unguwa guda kallon ɓarayi, ya ji yadda kallon yake in daga wancan gefen ya fito. Ma'aikaciyar ta ce su jira, ta tafi kiran likitan filin jirgi, ta zo da na'urar da ke karanta lambar da aka dasa wa kyanwar a wuya.

"Yaya," in ji ƙanwarsa a hankali, "wai yaya kake auna ta?"

Ya yi mata bayani kamar a gaban allo. Ta dube shi daga wuya zuwa maɓallin da ke fama a tsakiyar rigarsa.

"Kai kaɗai fa, yaushe rabonka da hawa?"

"Abin da aka riga aka sani ba a sake..."

Bai ƙarasa ba. Ya sauke kejin daga sikelin kaya, ya waiga hagu da dama, ya cire takalmi don adalci, ya hau. Tamanin da biyu. Ya cire agogo. Tamanin da biyu.

"Sai a kai ka ɗakin kaya," in ji ƙanwarsa, tana goge ido da gefen mayafi.

Likitan filin jirgi dattijuwa ce marar son surutu. Lambar wuya ta dace da ta takarda. Ta duba idon Gimbiya da haƙoranta, ta saurari ƙirjinta, ta tambayi abin da take ci. Malam ya faɗi gaskiya, har da kan kifin. Ta zuba ɗan abinci a tafin hannu, Gimbiya ta share shi kafin a ƙifta ido.

"Ba ta da ciwon komai," in ji ta, tana buga hatimi. "Mai ita ne ciwonta."

A cikin jirgi ya tura kejin ƙarƙashin kujerar gabansa, ya saki bel ɗin kujerarsa har ƙarshe kafin ya ɗauru. An gargaɗe shi cewa ba a buɗe keji sai an sauka. Awa biyar ce tafiyar, a ƙarshenta kuma akwai mace mai sandar dogarawa wadda ba ta taɓa buƙatar sikeli ba, ɗagawa ɗaya za ta yi ta sani.

Da aka kawo abinci ya zaɓi kaza. Ya yayyage ta siri-siri, ya sunkuya iyakar yadda cikinsa ya ba shi dama, yana zura tsoka ɗaya-ɗaya ta ragar kejin. Mutumin da ke kusa da shi ya yi ta satar kallonsa.

Gimbiya ta shinshina ta farko, ta dubi wuyansa inda makullin yake rataye har yanzu, ta daɗe ba ta karɓa ba.