Niƙan Safiyar Litinin

A ƙauyensu Keziya, can bayan Bukkuyum, idan aka ce "mai inji" kowa ya san mijinta Sila ake nufi. Shekara goma sha ɗaya yana niƙa wa mutane gero da dawa, kuma bai taɓa yarda ya niƙa dutse ba. Masu haƙar zinariya sun zo masa da lallashi, sun zo da gori, wasu har ta hannun surukinsa suka biyo. Yana saurayi aka yi shekarar gubar dalma, lokacin da ƙurar dutsen zinariya ta shiga abinci, yara suka yi ta mutuwa daga nan har Anka. Da hannunsa ya haƙa kabarin ƙanwarsa.

Sila ba mutumin baki ba ne. A majami'arsu, wadda duk taronta bai wuce gida shida ba, an taɓa ba shi wa'azi, ya yi minti huɗu ya zauna, ba a sake gigin ba shi ba. Waƙa kuwa, gara ƙarar injin nasa. Amma yakan ce Ubangiji bai ba shi aiki biyu ba, guda ya ba shi: abin da zai shiga bakin 'ya'yan mutane ya fita daga hannunsa da tsabta. Keziya kan tsokane shi cewa ta auri mai magana ɗaya kamar zakara.

Ranar Asabar ya tafi Gummi taron dattawan ikkilisiya, ya bar wa ƙanensa Gidiyon makullin rumfar inji da ke bakin gari. Ranar Litinin da hantsi ɗan kabu-kabu ya sauke shi. Bai shiga gida ba, sai da ya biya ya duba injin, kamar yadda ya saba. Keziya ta bi shi can da kwanon ruwa. Ta tarar ya kwance bakin injin, yana murza wata jar ƙura tsakanin yatsunsa, Gidiyon na tsaye ya sunkuyar da kai.

"Buhu biyu na dutse kaɗai na, Yaya," in ji Gidiyon. "Jiya bayan sujada. Kuma na wanke, na zuba dusa na kore shi."

"Yau gida nawa ka niƙa wa?"

"Bakwai."

Keziya ta ajiye kwanon ruwan. Shekara da shekaru suna zaune lafiya da maƙwabta, ana kawo musu naman layya, su kai shinkafar Kirsimeti. To amma idan aka wayi gari ana cewa injin Kirista ya zuba wa 'ya'yan gari guba fa? Ba injin kaɗai za su rasa ba, zaman garin ma sai ya gagare su. Tsoro ya kama ta sosai.

"Baban Lidiya," ta ce da ƙaramar murya, "ka sauya ƙarafan, mu yi shiru. Sau guda na. Wa zai sani?"

Ko tsawa bai yi mata ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ya sa Gidiyon ya lissafa masa gidajen, ya ce a fasa rumbunsu a mayar wa kowa hatsinsa. Sannan ya dube ta.

"Maza duk suna gona yankan gero. Garin da anka niƙa yana cikin gida wurin mata, ni kuwa zaure a' iyakata. Ke za ki shiga, ki hwaɗa ma kowa gaskiya, ki amso garin."

Nan gizo ke saƙa. Mutum ya yi shekaru yana riƙe da abu guda ƙam, ranar da abin ya zo wuya, sai ga shi ba zai iya tsallake ƙofar kowa ba. Keziya ta ɗauki tsohon buhu, ta yafa gyale, ta wuce gaba tana ƙunƙuni. Shi kuma yana biye, duk gidan da ta shiga ya tsaya a rana.

A gida na farko dabara ta zo mata. Ta ce injin ne ya sami matsala, tsakuwa ta shiga garin, a ba ta za a kawo wani. Matar gidan har godiya ta yi. Haka ta yi a na biyu, da na uku, har na shida. Buhu na nauyi, zuciyarta na sauƙi, tana yaba wa kanta wayo.

Gida na bakwai na Inna Sahura ne, tsohuwar da ke riƙon jikanta da aka yaye kwanan nan. Keziya ta yi sallama ta tarar har an dama kunu, an zuba a ƙwarya ana fifitawa da ludayi. Yaron na zaune a tabarma, ya ƙura wa ƙwaryar ido.

"Inna, tsakuwa ta shiga garin, ki ba ni a sauya miki."

"Haba ɗiyata, tsakuwa mi a' abin tashin hankali? Na tankaɗe, na tace. Yaron ga tun sahe shi ka kuka." Ta ɗebo ludayi guda tana hurawa.

Keziya ta dubi ludayin, ta dubi bakin yaron da ya buɗe. Duk wayon nan nata ya watse. Ba ta san lokacin da ta riƙe hannun tsohuwar ba.

"Inna, ƙarya ni ka yi. Ba tsakuwa ba ta. Dutsen zinariya anka niƙa ga injinmu jiya, ƙanen maigidana ya yi shi. Shi maigidan shina waje, ya ce a hwaɗa ma kowa. Ni ce ni' ɓoye."

Inna Sahura ta ajiye ludayin a hankali. Ta ɗauki ƙwaryar ta kai bayan ɗaki, ta tona rami da ƙaramar fartanya, ta juye kunun ta rufe. Yaron ya fasa ihu, ba ta ko waiwaye shi ba. Keziya na tsaye tana jiran zagi, ta san ta cancanta.

"Uku na rasa waccan shekara," in ji tsohuwar. "Babu wanda ya shigo min gida ya riƙe min hannu."

Sai hawaye suka zubo wa Keziya. Amma ba na tsoro ba ne kuma. Ta tuna mutumin da ke tsaye a ƙofa, da ƙurar Gummi a ƙafarsa, ko ruwan da ta kai masa bai sha ba. Wani alfahari ya cika mata ƙirji, irin wanda ba ta ji ba ko ranar aurensu.

Ta fito ta same shi inda ta bar shi.

"Baban Lidiya, mu koma. Gida shidda na yi ma ƙarya. Wata tana iya rage garin ta ɓoye, tunda tsakuwa ni' ce."

Ya dube ta, ya sa hannu ya karɓi buhun. Sun yi taku kaɗan ke nan sai suka ji murya daga zaure. Inna Sahura ce, ta goya jikan yana ta shessheƙa, tana gyara mayafi.

"Ku jira ni. Ke ki hwaɗi da bakinki, ni in tsaya kusa gare ki. In ga wadda za ta ɗaga miki murya."

Keziya ta gyara gyalenta, ta shiga gaba.