Tauraron Mai Eriya Ya Gaji

"Baba, kai ne kake kashe shi," in ji 'yar ƙanena. "Kowa a ƙungiya ya gane muryarka."

"To, su zo su kama ni mana."

Ni dai ina bakin taga ina ɗinke hannun riga, kunnena kuwa yana wurinsu. Ƙanen nan nawa, da duk layinmu ke kira Mai Eriya, tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai rediyon magana. Akwai wani ɗan tauraron ɗan'adam da ƙungiyarsu ta sa aka harba, wai bai fi tukunya girma ba. In ya gifta ta samanmu sai ka yi magana, ya kai muryarka wata ƙasa. To, batirinsa ya tsufa kamar mu. In yana cikin rana ya ɗan motsa, da ya shiga inuwa sai ya sume. Shi ya sa aka ce kowa ya rage ƙarfin na'urarsa, don mai ƙarfi ke tsotse cajin. Yarinyar kuwa injiniya ce, ita aka ɗora wa kunna shi da kashe shi.

"Kullum sai ka murɗa har ƙarshe," ta ce, tana murza ido. "Jiya da ƙyar na farfaɗo da shi. Wallahi na gaji, Baba."

"Ɗan Tsibiri ne ba ya ji na."

Ɗan Tsibirin nan wani tsoho ne can bayan teku. Shekara da shekaru suna gaisawa da ƙanena ta tauraron, ba su taɓa ganin juna ba. Kwanan baya ya yi ta tari, daga nan sai shiru.

"Ka kira shi a waya."

"Ba ni da lambarsa."

"Duk shekarun nan?"

"Mu ba ma tambayar lamba. In ka tambaya, ka raina rediyo ke nan."

Na ce, "Ko sunan matar abokin nasa bai sani ba, amma tambaye shi irin ƙarfen da mutumin ya kafa a rufi."

Ba wanda ya yi dariya. Asararsu.

Ta sassauta murya. "Gobe zan kashe tauraron ya huta. Sai batirin ya dawo hayyacinsa."

"Yaushe ke nan?"

"Ban sani ba."

"In Ɗan Tsibiri ya kira ni fa, ba kowa?"

"In na bar shi haka, ba zai ƙara tashi ba. Ba kai, ba shi, ba kowa."

Ya juyo ya dube ni. "Yaya, ki sa baki mana."

"Ni? Ɗinki nake yi."

Ya miƙe da ƙyar, ya dafa gwiwa, ya ɗauki eriyarsa ta hannu. "Gobe kika ce ko? To, yau nawa ne."

"Ka rage ƙarfin dai, Baba, don Allah."

Eriyar ta maƙale a bakin ƙofa. Ya fizge ta, ya fita, ya buga ƙofar har labule ya faɗo.