Muryar Baba Kulu

Shekarar da soja suka miƙa mulki, Farfesa Sada, malamin nazarin al'adu da rayuwar ɗan Adam, ya kwaso ɗalibansa daga jami'a zuwa Katsina, garinsu, aikin mako biyu. Kowane ɗalibi ya ba shi gidan da zai je ya rubuto tarihin tsofaffi.

Ranar ƙarshe aka raba musu takarda, kowa ya rubuta ra'ayinsa game da koyarwar Farfesa, ba sai ya sa suna ba. Sabon abu ne. Ɗalibai suka yi ta dariya, wai dimokuraɗiyya ta shigo aji. Wani ya rubuta aiki ya yi yawa, wani ya ce Farfesa ba ya ba da maki, wata ta ce in yana magana kamar da wasu yake, ba da su ba.

Suwaiba, wadda aka tura wani gida kusa da hasumiyar Gobarau, layi ɗaya ta rubuta: "Baba Kulu ta ce ka mayar mata da muryarta."

Da la'asar Farfesa ya tara su a masauki, takardar a hannunsa.

"Wa ya rubuta wannan?"

Suwaiba ta miƙe. "Ni ce, ranka ya daɗe. Saƙo ne. Sau uku tsohuwar tana nanata mini."

"Wurin jikanta, Malam Idi, na tura ki."

"Ban same shi ba. Ita na tarar a ɗakin ƙurya tana kaɗi."

Farfesa ya sallami sauran. Ya ciro wani tsohon kaset daga jakarsa, ya ce shekara ashirin da suka wuce ya naɗi hirarsa da Kulu ba da saninta ba. Sati bai zagayo ba ta daina magana, har ta rasu.

Ya kunna rikoda. Muryar tsohuwa ta fito tana bayanin yadda ake saƙar gwado. Sai mai tambaya ya yi magana, amma ba muryar Farfesa ba ce. Suwaiba ta ji kanta tana cewa, "Baba, wa ya koya miki?" har da tarin da ta yi ranar. Ta zauna a ƙasa.

Washegari da hantsi suka tafi gidan tare. Malam Idi ya buɗe musu ɗakin ƙurya: buhunan gero ne har rufi, ko wurin tsayuwa babu. Farfesa ya faɗa masa komai, ya nemi gafara, ya miƙa masa kaset ɗin. Malam Idi ya karɓa da gefen rigarsa, ya ce zai sa a yi wa kakarsa addu'a.

Zangon karatu na gaba Farfesa Sada ya ajiye aiki. Suwaiba ta ci jarabawar darasinsa, amma ta sauya sashe, ta koma lissafi.