Dutsen Talatin da Bakwai

Malam Maccido na da dabararsa ta koyar da nauyin ƙwayar zarra a wata makarantar kwana ta Ƙauran Namoda. Yakan fito da ɗalibai huɗu gaban allo, ya ba uku ƙananan duwatsu, na huɗun ya ba shi babba.

"Ga ƙwayoyin sinadarin kulorin nan," yakan ce. "Uku masu nauyin talatin da biyar, ɗaya mai talatin da bakwai. Ku tara, ku raba huɗu."

A bazarar da sanƙarau ya ratsa ƙasar, Hayatu, wani dogo ɗan Galadi mai yawan barkwanci, shi ne ya riƙe babban dutsen. Ana cikin lissafi dutsen ya suɓuce masa, ya bugi siminti. Ya dafe ƙeya.

"Malam, wuyana ya ƙage."

"Ɗauki dutsenka, ka faye wasa," in ji Malam Maccido.

Aji ya kwashe da dariya. Hayatu ya ɗauka da ƙyar, ya tsaya har aka gama. Kafin Juma'a an kai shi makwancinsa.

Da shekara ta zagayo, darasin ya sake zuwa. Ɗalibai uku suka fito, amma babban dutsen babu wanda ya yarda ya taɓa shi, don labari ya riga ya bazu. Malam ya bar shi kan tebur, ya juya yana rubutu. Sai ya ji ƙarar dutse a kan siminti, dab da bayansa. Ya waiwaya a firgice. Kowa na riƙe da nasa, babban kuma yana inda ya aje shi.

"Kun ji?"

"Mi, Malam?" in ji Nasidi, shugaban ajin.

Ranar Asabar Malam ya shiga mota zuwa Galadi. Turai, mahaifiyar Hayatu, ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama fura.

"Kullum zancenka yake," ta ce. "Wai shi ma malami zai zama, irinka."

Gafara ya zo nema, amma furar kawai ya sha. Ya yi addu'a, ya tashi.

Ƙarshen zango ya nemi a mai da shi Zurmi. A can ya ci gaba da koyarwa, sai dai duk ranar wannan darasi ɗalibi yake sawa ya yi rubutun allo, shi kuwa ya jingina da bango, yana karantowa da sauri, ba ya yarda ya ba aji baya.