Bokitin Ruwa a Randar Kwaɓi

Shekara ashirin da shida Baba Mai Kwaɓi yana dama yumɓu a masana'antar kofuna, kuma wallahi ya gaji. Kafaɗarsa ta dama ta daina jin magana. Shi ke dama yumɓun a babbar randa har ya yi ruwa-ruwa, 'yan zubi su ɗiba su cika mazubai, daga nan a kai kofunan ɗakin shanya, wurin ƙanwarsa.

In kwaɓi ya yi kauri, dokarsa ɗaya ce: ɗigon maganin sakin yumɓu kaɗan, sai juyi na awa guda har ya saki. Baba ya fi kowa sanin haka. Amma juyin awa guda da wace kafaɗa? Sai ya waiga hagu da dama, ya antaya bokitin ruwa ciki. Nan take kwaɓi ya saki, yana zuba sumul, 'yan zubi har sannu suke masa.

Sai dai kash, kofin da ya sha ruwa fiye da kima, in ya zo bushewa tsukewa yake yi sosai. Baki ya bushe, gindi na jiƙe, sai ka ji ƙas, ya tsage daidai mariƙi.

Sau biyu ana haka. Manaja kuwa, da yake a ɗakin shanya yake ganin ɓarnar, can ya sauke faɗansa.

"Iska kike bari tana dukansu," ya ce wa ƙanwar. "In aka yi na uku, ki nemi wani aikin."

Baiwar Allah, ga 'ya'ya huɗu ba uba. Ta toshe tagogi, ta rataye jiƙaƙƙun buhuna, tana bin kofuna ɗaya bayan ɗaya tana juyawa har ƙafafunta suka kumbura.

"Yaya, ko hannuna ne ya lalace?" ta tambayi Baba.

"Yanayi ne," ya ce, idonsa a ƙasa. Kunya ta kama shi, amma tsoron a ce ya tsufa ya fi ƙarfin kunyar.

Ranar da aka duba zubi na uku, kofuna cike da faranti tara duk a tsage. Manaja ya miƙa wa ƙanwar hannu. "Kawo makullin ɗakin."

Baba ya ajiye muciyarsa. "Ranka ya daɗe, bar ta. Ni nake ƙara ruwa. Ba na iya juyin."

Manaja ya tsoma yatsa a randa, ya ga kwaɓin na tsiyaya kamar ruwan wanki. Ya ce Baba ya cire rigar aiki, an sallame shi.

A bakin ƙofa ƙanwar ta tarar da shi yana fama da hannun rigar, kafaɗa ta ƙi ɗaguwa. Ta kama ta zare masa a hankali.

"Haba Yaya. Sati biyu kana kallona ina jiƙa buhuna? Da ka ce min kafaɗa ce, ai da na zo na juya maka."

Ta ninke rigar, ta koma ciki kwashe fasassun kofuna.