Shuɗin da Mai Fenti Bai Gani Ba

Mai Fenti mutum ne da ba a yi masa gardamar launi. Shekara talatin yana haɗa fentin mota da ido kawai. Ya dubi ƙofar da aka buge, ya zuba wannan, ya ɗiga wancan, ya juya da sanda, sai ka rantse yau motar ta fito daga kamfani. Shi ya sa ranar da ya kama Auta, ƙanensa, yana ɗiga rawaya a gwangwanin da shi ya riga ya gama haɗawa, ko tambaya bai tsaya yi ba.

"Yaya, shuɗin ne ya ɗan yi yawa," in ji Auta a hankali.

"Ni za ka koya wa shuɗi? Ɗauki kayanka."

A gaban masu walda da makanikai ya kore shi kamar ɓarawo.

Matarsa ta sha gaya masa cewa baƙin idonsa ya soma yin toka-toka. Shi kuwa gogan naka sai ya ce nata idon ne ya tsufa. Sai da aka dawo masa da motoci uku a wata guda, masu su na ta ɓaɓatu, sannan ya yarda ta raka shi asibiti.

"Baba," in ji likitar, "akwai wani abu kamar ɗan gilashi a bayan baƙin ido. Da shekaru yakan rine kamar ruwan shayi, ya riƙa shanye shuɗi kafin ka gan shi. Naka ya daɗe da rinewa, ga kuma yanar ido ta hau kai."

Aka yi masa aiki a idon dama. Da ya warware ya koma gareji, ya tsaya gaban bangon da yake goga kowane haɗi kafin a fesa. Ya rufe sabon idon, komai daidai. Ya rufe tsohon, ya sake duban bangon. Duk haɗin da ya yi bayan tafiyar Auta shuɗi ya yi masa katutu, har farin ma. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, kunya ta rufe shi.

Washegari ya sami Auta a wani gareji can bayan tasha, yana goge bambar wata mota.

"Tun yaushe kake gyara mini?"

"Shekara huɗu, Yaya. In ka fita cin abinci."

Wato duk yabon da ya sha a shekarun nan, rabinsa na Auta ne. Ya so ya ce a yafe masa. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Wurinka yana nan."

Auta ya dubi idon nasa, ya yi masa barka da samun lafiya, har ya jawo masa benci. Sannan ya ci gaba da gugarsa.

"Ai yanzu kana gani da kanka, Yaya. Ni kuma na saba da nan."