Allurar Motar Baba

Malamin lissafi ya daɗe yana zawarcin tsohuwar motar surukinsa. Ranar nan tsoho ya ce in ya kai shi wajen likitan ido kafin ƙarfe biyu, makulli ya zama nasa.

Suka kama hanya, Malam a sitiyari, matarsa a gefe, tsoho a baya ya saki baki yana minshari. Da suka hango gidan mai sai matar ta ce, "Malam, mu sha mai mana. Daga nan fa sai daji."

Malam ya yi murmushin da yake yi wa 'yan aji ɗaya. "Tafiyar kilomita ɗari da tamanin da bakwai da ɗigo biyar ce. Allurar gudu na kan tamanin tun da muka fito. Awa ɗaya da minti arba'in da biyar, wato ɗaya da ɗigo bakwai biyar. Sau tamanin, ɗari da arba'in. Saura nawa?"

"Ni dai na ga tirela ta wuce mu."

"Saura arba'in da bakwai da ɗigo biyar! Man da ke ciki zai yi hamsin da biyar. Har da rara."

"Mai kaji a babur ma ya wuce mu, har da ɗaga mana hannu."

"Ke dai ba ki son ilmi."

Ya wuce gidan mai ko kallo bai yi ba. Bayan awa guda mota ta yi tari biyu, ta yi shiru a tsakiyar gonaki. Babu gari, babu alamarsa. Tsoho ya farka yana laluben hula.

"Mun iso?"

"A lissafi dai mun iso, Baba," in ji Malam, zufa na bin wuyansa. Ya zayyana masa komai, ɗigo bayan ɗigo.

Tsoho ya saurara har ƙarshe. "Wa ya ce maka tamanin kake yi?"

"Allura, Baba."

"Wannan? Ai da ta wuce talatin take tsalle ta maƙale a tamanin. Shekara tara ke nan. Ni da kunne nake tuƙa ta."

"Ba ka faɗa mini ba."

"Ka tambaya? Yaro, yadda kake jan ta, hamsin ma alfarma ce."

Tsoho ya duba agogo, ya kawo shi dab da hanci, ya ga biyu ta gota. Sai ya miƙa hannu ta kan kujera ya zare makullin, ya jefa a cinyar 'yarsa.

"Riƙe, naki ne. Shi kuma akwai jarka a but, ya taka ya nemo mai."